Kano zuwa Kumasi da mutum 14: Homa ɗaya, Sienna biyu, ko Coaster?

Abu Khadija: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara muke nema daga masana mota. Danginmu za su je biki Kumasi bayan Sallah, mutum 14, manya 10 yara 4, a cikin manyan akwai tsofaffi biyu da direbobi biyu. Hanyar da aka tsayar ita ce Kano, Abuja, Lokoja, Ibadan, sannan Kwatano, Lome, Akara, Kumasi. Abin da ke hannu: za a iya samun hayar Hiace Homa ɗaya, ko a haɗa Sienna biyu na 'yan'uwa, wani kuma ya kawo maganar Coaster. Akwai kayan biki, ba kaɗan ba. Wacce ta fi?

Direban Dogon Zango: Wa alaikumus salam. Kafin a yi maganar sunan mota, a fara da sikeli, don kujera ba ita ke ɗaukar mutum ba, taya da sifirin ne. Manya 10, a sa kowa kilo 75, ya zama 750. Yara 4 a kilo 30, 120. Tankin Homa lita 70 ne, in ya cika ya haura kilo 50. Ƙarin safaya ta biyu, jak, akwatin sifana da jarkar ruwa, a ce kilo 70. Kun kusa tan ɗaya ke nan, ba a sa ko jakar hannu ba. In kowa ya zo da jaka mai kilo 15, an ƙara 210. Ita kuwa Homa mai dogon jiki, tazarar da ke tsakanin nauyinta ba kowa da iyakar da kamfani ya yanke mata tan ɗaya ne da 'yan kai. Lambar tana jikin farantin ƙarfe na motar, a duba. Wato mutanen nan da jakunkunansu kaɗai sun cinye ta. Kayan biki ba su da wuri.

Abu Khadija: Amma Malam ai a tasha mutum 18 ake zuba mata, ga kaya har bayan but ba ya rufuwa.

Direban Dogon Zango: Ana yi, shi ya sa kake ganinsu a gefen hanya taya ta yi bindiga. Kujeru 15 take zuwa da su daga kamfani. Masu haya ne ke cire su su sa benci huɗu matsattsu. Wanda zai yi awa biyar ya sauka zai jure, amma kusan kilomita 1,900 ne zuwa kawai, kwana huɗu a zaune. Tsoho ba zai iya da gwiwa a manne da ƙarfen kujerar gaba ba.

Maman Ilham: Ni Sienna biyu nake gani. Kowa ya miƙe ƙafa, esi na kaiwa har baya, mata da yara a ɗaya, maza a ɗaya. In ɗaya ta lalace ɗayar ta je ta nemo bakanike. Mota ɗaya in ta tsaya a dajin tsakanin Okene da Owo, duk an tsaya.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Hajiya maganarki ta biyu gaskiya ce, amma Sienna mai mutum bakwai a ciki ba ta da sauran ƙarfin kaya. A buɗe ƙofar direba a karanta takardar da ke manne a ginshiƙi: jimillar mutane da kaya yawanci ba ta kai kilo 600 ba. Manya biyar da yara biyu sun ci 435. Keriyar samanta kilo 68 aka yarda mata. Kuma bayanta sifirin naɗaɗɗe ne, in an danna mata lodi sai gindinta ya zauna, salansa da ma'ajiyar safaya su riƙa dukan tudun rage gudu. Daga Aflao zuwa Sogakope kuwa irin tudun nan ba a ƙirga su.

Sannan a san wace Sienna ce. Ta 2004 zuwa 2006 injin 3.3 ne, bel ke juya tayimin ɗinsa, ana canza shi a kusan kilomita 145,000, kuma 'yar Kwatano ba wanda ya san ranar da aka canza mata. In ba shaida, a canza bel, famfon ruwa da tenshina a lokaci guda. Daga 2007 injin 3.5 ne mai sarƙa, wannan ba ruwanka da bel, sai dai na shekarun farko suna da wani bututun baƙin mai wanda tsakiyarsa roba ce. Robar nan in ta tsufa fashewa take, mai ya tsiyaye cikin 'yan mintuna, injin ya buga. Akwai na ƙarfe zalla da ake maye gurbinsa da shi, a sa bakanike ya leƙa ya gani da idonsa. Na uku, Sienna mai jan ƙafa huɗu ba ta zuwa da safaya sam, tayoyin da ke tafiya ko sun sace aka sa mata daga can, a nan kuma an daɗe da canza su da na gama-gari. Mai jan gaba tana da safaya a ƙarƙashin mota wajen ƙofar dama, amma 'yar siririyar nan ce ta wucin gadi. A saukar da ita a gida a gani, don wayar da ke riƙe ta kan yi tsatsa ta ƙi sauka ranar da ake nema.

Maman Ilham: To a sayi cikakkiyar taya da wili a saka.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: A saka a ina? A but, inda jakunkuna za su zauna. Kin ga an dawo inda aka faro.

Ɗan Zango: Sannunku da muhawara. Daga ɓangaren Gana nake, ga abin da ba a taɓo ba: mota biyu, takarda biyu a kowace boda. Boda uku ce, Seme zuwa Krake, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao. A kowacce sai kwastam sun rubuta wa mota takardar izinin shiga, a Gana kuma takardar shigo da mota ta wucin gadi ce mai wa'adi, wadda dole a mayar ranar fita. Kowace mota da katin inshorar ECOWAS nata, wanda ake ce wa Brown Card, kowane direba da lasisin ƙasa da ƙasa. Kuɗi ninki biyu, jira ma ninki biyu, don ba za a tafi a bar ɗaya ba. Katin nan kuma a fahimce shi, ɓarnar da ka yi wa wani yake biya, ba ya gyara motarka.

Alhajin Panteka: Duk ku bar wahalar nan ku ɗauki Coaster. Kujera 30 ga mutum 14, a cire layi biyu na baya a jera kaya a ƙasa a ɗaure. Injin 1HZ na gas, 4.2, silinda shida, ba tabo, ba kwamfuta mai rikici. Taya biyu-biyu a baya. Nauyin da kuke lissafawa ko a jikinta.

Direban Dogon Zango: Alhaji, ta fuskar nauyi ba mai ja da kai. Lissafin aljihu ne matsalar. Zuwa da dawowa kilomita 3,800 ne a ƙiyasi. Homa mai fetur da lodi da esi tana yin kilomita 7 zuwa 8 a lita, wato wajen lita 500. Sienna da lodi 8 zuwa 9, guda biyu sun kusa lita 900. Coaster 5 zuwa 6, wajen lita 700, kuma na gas, wanda a Najeriya ya fi fetur tsada. Ga kuɗin hayarta na kwana goma ko fiye. Ga jinkiri: a hawan duwatsun Akoko za ka ga tana rarrafe, wuce tirela a titi mai hannu ɗaya irin na Nkawkaw zuwa Konongo sai an yi dogon lissafi. Kuma ba kowane mai lasisin ƙaramar mota ne doka ta yarda ya ja ta ba, direbobin dangi biyun nan mai yiwuwa ba su da ajin.

Alhajin Panteka: Ai da direbanta ake ba da ita.

Direban Dogon Zango: Direba ɗaya, kwana huɗu a jere. Sai an nemi na biyu an biya shi, da cinsa da makwancinsa.

Ɗan Zango: Kuma da jami'in boda ya ga Coaster da jar lamba da kaya jibge a baya, sunanta motar haya mai ɗauke da hajar kasuwa. Za a ce a sauke a buɗe. Atamfa turmi ashirin a leda ba wanda zai yarda na biki ne sai an sha magana. Motar gida mai shuɗiyar lamba ta fi saurin wucewa.

Abu Khadija: To Homar ma ta haya ce, jar lamba gare ta.

Ɗan Zango: Sai ku karɓi takarda daga mai ita, mai ɗauke da sunan direba, lambar mota, lambar shasi da ta inji, yana cewa ya yarda a fita da ita zuwa Benin, Togo da Gana, a buga mata hatimin kotu. A haɗa da ainihin takardun mota da na biyan kwastam, ba hoto ba. Sannan tun a Kano a duba lambar shasin da ke jikin ƙarfe a gwada da ta takarda harafi-harafi. In an taɓa canza inji ba a gyara takarda ba, a Aflao za a gane, kuma nan ba wurin gyara ba ne.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Tunda an karkata ga Homa, ga abin da za a duba kafin a ba da kafin alƙalami.

Na farko ƙofar fasinja. In tana ɓangaren hagu, motar asalinta mai sitiyari a dama ce aka juya ta. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972, Gana a 1974, Benin da Togo dama can haka suke, wato duk tsawon hanyar nan yaranku a tsakiyar titi za su riƙa sauka. Juyin kansa ma abin tsoro ne: a kan yanka sandar sitiyari a yi mata walda, a ƙara wa bututun birki tsawo. Irin wannan a bar ta ko da kyauta ce.

Na biyu inji. Ga wannan tafiya 2TR na fetur, 2.7, shi ne zaɓi. Sarƙa gare shi, kuma daga Ƙofar Ruwa zuwa Panteka, Ladipo a Legas, Abossey Okai a Akara, har Suame Magazine a Kumasi ba inda za ka nemi kayansa ka rasa. Na gas irin 2KD da 1KD sun fi ƙarancin shan mai da ƙarfin hawa, amma nozul ɗinsu ba ya yafe gas mai ruwa, kuma gyaransa ba aikin gindin bishiya ba ne. Suna da bel na tayimin da ake canzawa a kilomita 150,000. In giya ta hannu ce ya fi, ko batir ya mutu a tura ta tashi, kuloci kuma kowane gari akwai mai sa shi.

Na uku zafi. Injin Homa a ƙarƙashin kujerar gaba yake, lagireto a can hanci, tsakaninsu dogayen bututu. In an canza ruwa ba a fitar da iska da kyau ba, allura za ta zauna lafiya a gari, sai an kama doguwar hanya ta tashi. A wanke lagireto, a sa sabon murfi na asali, a matsa kowace tiyo da hannu, wadda ta yi laushi ko ta kumbura a bakin kilif a canza. Ruwan kulan za a zuba, ba ruwan rijiya ba.

Injiniya Sabo: Ƙari a kan zafi: in an ce maka "mun cire tamostat don ƙasarmu da zafi", a mayar da shi. In babu shi ruwa ba ya bin lagireto yadda aka tsara, inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai. Cire shi ɓoye ciwo ne, yawanci lagireto ne ya toshe.

Ni taya ce damuwata. Homa tana son 195R15C, mai harafin C ɗin nan a ƙarshe, mai lamba 106/104. Lamba 106 na nufin taya ɗaya na ɗaukar kilo 950. Tayar ƙaramar mota mai lamba 91 kilo 615 take ɗauka, kuma tana shiga wilin inci 15 ɗin lafiya lau, shi ya sa ake samun ta a jikin motocin haya. A tsuguna a karanta duka huɗun da safaya. A gefen taya akwai lamba huɗu a cikin ɗan zagaye, misali 2322, wato mako na 23 na shekarar 2022. Wadda ta haura shekara biyar, ko zanenta na nan ɗanye, kada ta je Kumasi. Iska kuma da safe ake aunawa kafin a motsa, a bi adadin cikakken lodi da ke rubuce a ginshiƙin ƙofa, baya ya fi gaba. Kuskuren da ya fi kashe taya shi ne a tsaya da rana a ji ta yi zafi a rage mata iska. Taya mai ƙarancin iska lanƙwashewa take tana ƙara zafi har ta fashe.

Maman Ilham: Duk na ji, amma har yanzu ba wanda ya ce ga inda kayan biki za su. Ko a keriya?

Injiniya Sabo: A'a Hajiya. Homa mai dogon rufi tsayinta ya kusa mita 2.3 ba komai a kai. Ki ɗora mata kilo 200 a sama, kamar mai tallan da ta ɗauki tulu ne aka ce ta yi gudu ta sha kwana. Ranar da tayar baya ta fashe ko aka kauce wa rami da gudu, nauyin saman ne ke kifar da ita. Abu mai nauyi ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a ɗaure da igiyar lodi don kada ya taso kan mutane in an taka birki. Sama sai tabarma da katifa in ta kama dole.

Direban Dogon Zango: Hanya biyu ce. Ko a aika kayan biki gaba ta motocin da ke lodin Gana, mako biyu kafin tafiya, da rasit da jerin abin da ke ciki, mutane 14 su shiga Homa da jaka ɗaya-ɗaya ƙarama. Ko a yi Homa da Sienna ɗaya: a cire layin ƙarshe na Homa mai kujera huɗu, saura 11, a zuba mutum 9 ko 10 da kaya a bayan, tsofaffi biyu da direba da mutum ɗaya ko biyu a Sienna, a kwantar da layinta na uku a sa jakunkuna. Ta biyun ta fi tsada, man zai kai lita 950, amma ba motar da ta kai iyakarta, kuma an samu abin da Hajiya ke so na mota mai zuwa neman taimako.

Alhajin Panteka: Lita 950 da takardun mota biyu. Ku lissafa da kyau, Coaster ɗin da kuka raina ba ta fi haka ba.

Ɗan Zango: Alhaji bai yi ƙarya ba a nan. In aka samu Coaster mai lafiya da direbobi biyu da suka saba da boda, lissafin ya kusa. Abin da zai raba shi ne wacce aka fi sanin tarihinta. Sienna ta ɗan'uwa an san abin da ke damunta, motar haya sai abin da mai ita ya faɗa.

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Shi ya sa ba a yin sabis ana gobe tafiya. A yi shi da kwana bakwai ko goma: baƙin mai da filta, filtar iska, filogi, man giya, man aksul. A buɗe tayoyin gaba a duba boris, a girgiza tayarod da boljoyin, a buɗe gangar birkin baya a ga kaurin takalmin. Man birki in ya yi baƙi ko ya haura shekara biyu a zubar a sa sabo, don yana shan ruwa, a doguwar gangara ruwan ya tafasa feda ta tafi ƙasa ba birki. Bayan nan a loda mata buhuna daidai nauyin tafiya a je Zariya a dawo da esi a kunne. Duk abin da aka ɗaura ba daidai ba a nan zai nuna, kusa da gida.

Abin da za a riƙe a mota: fanbel, famfon mai na cikin tanki, kwayil ɗaya, filogi, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, fis da rile, boris na gaba, lita 4 na baƙin mai, man birki, lita 10 na ruwa, wayar haɗa batir, igiyar ja, famfon iska mai aiki da batir, jak mai ɗaga tan 3 da guntun katako mai kauri na ɗora shi a kan yashi. A gwada wil sifana a kan kowane noti tun a gida, masu faci kan ɗaure da inji har ya gagari hannu.

Ɗan Zango: A ƙara alwatika mai ƙyalli guda biyu, abin kashe gobara wanda wa'adinsa bai wuce ba, da akwatin taimakon farko, don su ake fara tambaya a shinge. Kowa da katin rigakafin shawara mai ruwan ɗorawa, har yara. Kada a tsallaka da fetur a jarka, kwastam za su kira shi fasa-ƙwauri. A cika tanki kafin a iso yankin boda, daga nan lita 70 za ta kai ku har cikin Gana. A Benin za ku ga fetur a manyan kwalabe a bakin titi, amma ba a san abin da aka gauraya ba, famfon mai shi ke biyan bashin.

Abu Khadija: Kwana nawa za mu sa a hanya, kuma ina za a kwana?

Direban Dogon Zango: Huɗu, ba tafiyar dare ko ɗaya. Ranar farko a tashi bayan asuba a kwana Lokoja in hanyar Kaduna ta yi kyau, in an makara a tsaya Abuja. Ta biyu Ibadan. Ta uku ita ce ta boda: daga Ibadan ba dole a shiga gosulon Legas da Badagry ba, ana iya bi ta Abeokuta, Ilaro, Owode a fita ta Idiroko zuwa Igolo, a faɗa Porto-Novo. A tambayi direbobin layin halin da hanyar ke ciki a makon tafiya. Kwatano zuwa Lome wajen kilomita 150 ne, a kwana Lome, kuna shiga Togo agogo ya koma baya da awa ɗaya. Ta huɗu a tsallaka Aflao da sassafe, wajen kilomita 190 zuwa Akara, sai 250 zuwa Kumasi ta Nsawam da Suhum. Wannan ta ƙarshen ita ce mai cin rai saboda manyan motoci, in la'asar ta yi muku a Akara ku kwana. Direbobi su riƙa musanya duk awa uku, gudu kada ya wuce 90, a kowace tsayawa a zaga a taɓa wili huɗun da bayan hannu. Wanda ya fi sauran zafi, boris ne ko birki ke kamawa.

Maman Ilham: In an yi mota biyu, direba biyu ba su isa musanya ba ke nan.

Direban Dogon Zango: Ba su isa ba. Uku aƙalla, na ukun yana zagayawa, kuma shi ma a sa sunansa a takardar izinin mai mota da lasisinsa na ƙasa da ƙasa. Wannan ya mai da ku mutum 15 in ba a cikin dangi aka samo shi ba, a sake lissafin kilo.

Abu Khadija: Akwai ƙanen amarya, yana tuƙi, yana cikin 14 ɗin. Zan je in ga Homar gobe in duba ƙofa da tayoyi da lambar inji. Malam na Ƙofar Ruwa, Siennar ta 2008 ce, bututun nan ta ina ake ganinsa?

Bakaniken Ƙofar Ruwa: Ta ɓangaren fasinja, gefen injin da fanbel yake, yana hawa zuwa kan silinda na baya wajen bangon mota. A cire murfin roba na saman inji a haska da tocila. In ka ga baƙar tiyo da kilif biyu a tsakiyar ƙarfen, tsohon ne. In ƙarfe ne tun daga ƙasa har sama, an riga an canza. Ka ɗauko hoto ka turo.